Idan Matsala Ta Taso a Tsakiyar Teku: Yadda Matuƙa Ke Karkatar da Jirgi a Kan Atlantika

Jirgin da ya tashi daga Legas ko Akara zai je Amurka, 'yan awoyin farko ne kawai yake yi da ƙasa a kusa da shi. Da ya bar gaɓar Afirka ta Yamma a baya, sai ruwa. Duk wanda ya taɓa zuba wa taswirar nan ta bayan kujera ido cikin dare ya san yanayin: ɗan farin jirgi a tsakiyar shuɗi, ba gari gaba, ba gari baya, kowa na barci. A nan ne tambaya kan faɗo wa mutum a rai ko da bai furta ba: yanzu in inji ya tsaya fa?

Amsar tana rubuce tun kafin a rufe ƙofar jirgin. Na yi wannan jagora ne saboda matasanmu masu koyon tuƙi da tsara tafiyar jirage, irin ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, da kuma fasinjan da ke son sanin abin da ke gudana a ɗakin matuƙa. Zan kafa misali da arewacin Atlantika, don shi ne sararin teku mafi cunkoso a duniya, kuma dokar da ake bi yau a can aka fara aiki da ita. Littafin kamfaninka da na jirginka su ne a gaban duk abin da zan faɗa.

Abin da ya sa teku ta fita daban

A kan tudu, mai kula da zirga-zirga yana ganinka a rada, kana magana yana amsawa nan take. Rada da rediyon VHF ba sa wuce kamar mil 200 zuwa 250 daga gaɓa. (Duk inda na ce mil, na teku nake nufi, wato mita 1,852.) Daga nan sai rediyon HF mai shashshaka, wanda ma ba mai kula da kai ne ke amsa shi ba. A yankin Shanwick, wato ɓangaren gabas na arewacin Atlantika, ma'aikacin rediyo yana Ballygirreen kusa da Shannon a Ireland, mai ba da izini kuma yana Prestwick a Sikotlan. Ka faɗa wa wannan, ya tura wa wancan, a dawo maka da amsa. Yanzu akwai saƙon rubutu na CPDLC da wayar tauraron ɗan'adam, kuma tun watan Maris na 2019 ana bibiyar jirage ta tauraro a wannan yanki. Duk da haka izini yakan ɗauki mintuna, kuma akwai matsalar da ba ta jira.

Abu na biyu shi ne maƙwabta. Kusan kullum ana shata wa jirage layukan tafiya a kan tekun gwargwadon iskar ranar: cibiyar kula da jirage ta Gander a Kanada ke fitar da na dare masu zuwa gabas, Shanwick ke fitar da na rana masu zuwa yamma. Tsakanin layi da layi digiri ɗaya ne na taswira, wato mil 60, wasu kuma rabin digiri. A kan layi guda jirage a jere suke hawa-hawa, ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa. Na'urorin zamani sun iya riƙe hanya har ta kai na ƙasa da kai yana daidai ƙarƙashin cikinka. Jirgin da ya zubo ƙasa a kan layinsa zai ratsa hawan wasu ne ɗaya bayan ɗaya. Riƙe wannan hoto, don daga shi duk dokar ta samo asali.

Mataki na farko: aikin da ake yi a ƙasa

A 1953 hukumomin Amurka suka hana jirgi mai inji biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka. Da injina suka ƙara aminci sai aka sassauta: minti 120 a 1985, minti 180 a 1988. Wannan tsari na barin jirgi ya yi nisa da filin sauka shi ne ETOPS, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma tana kiransa EDTO. Yau Boeing 787 yana da shaidar minti 330, Airbus A350 yana da ta 370, amma kowane kamfani sai ya nemi nasa izinin daga hukumar ƙasarsa. Ana auna mintunan da gudun inji ɗaya, ba tare da lissafin iska ba.

Mai tsara tafiya yana zana da'ira mai faɗin waɗannan mintuna a kewayen kowane filin madadi, wato filin da za a iya sauka in matsala ta taso, kuma tilas hanyar jirgi ta kasance cikin da'irorin daga farko har ƙarshe. A arewa filayen su ne irin Shannon, Keflavik a Iceland, Kangerlussuaq a Greenland, sai Gander da St. John's da Goose Bay da Iqaluit a Kanada. Mai tasowa daga wajenmu ya fi dogara da Dakar, tsibirin Sal, Lajes da Santa Maria a tsibiran Azores, da Bermuda.

Kasancewar fili a taswira ba ta isa ba. Ka duba tsawon titinsa da ƙarfinsa, ka karanta sanarwar matuƙa ko an rufe titi ko wata na'urar sauka ta lalace, ka ga matakin 'yan kwana-kwanansa da awoyin aikinsa. Sai hasashen yanayi, wanda ake dubawa daga farkon lokacin da za ka iya isa har ƙarshensa, da ma'auni mai tsauri fiye da na sauka ta yau da kullum. St. John's ta yi suna da hazo, Lajes da iska. Filin da bai cika sharaɗi ba a cire shi a sake zana hanya.

Daga nan sai mahaɗar lokaci, wadda takardar tafiya ke rubutawa ETP: wurin da ci gaba da komawa baya za su ci lokaci ɗaya. Ba tsakiyar hanya take faɗawa ba, saboda iska. Ga misali. Tsakanin Gander da Shannon kusan mil 1,700 ne. Mu ƙaddara jirgi na zuwa gabas, gudunsa da inji ɗaya mil 400 a awa, iskar yamma tana tura shi da mil 50. Ci gaba zai ba shi 450, komawa 350. Ka ninka 1,700 da 350, ka raba da jimillar biyun, 800. Za ka samu kusan mil 744 daga Gander, alhali tsakiyar hanya 850 ce. Ke nan matuƙin da ya kai mil 800 ya ce shi bai kai rabi ba zai koma, ya zaɓi hanyar da ta fi cin lokaci ne. Ina son ɗalibi ya yi wannan lissafi da biro sau da yawa kafin ya bar wa kwamfuta, don ya ji a jikinsa cewa mahaɗar tana matsawa ta ɓangaren da iska ke fitowa.

A wannan mahaɗa ake auna mai. Ana ɗaukar mafi munin hali: iskar cikin jirgi ta zube a daidai wurin, da inji biyu ko da ɗaya, jirgi ya sauko ƙafa 10,000 inda inji ke shan mai sosai, ya tafi har filin madadi, ya yi shawagi na minti 15, sannan ya sauka. A ƙara kaso saboda kuskuren hasashen iska, da ƙanƙarar da za ta iya kama fikafikai, da ƙaramin injin wutsiya mai ba da lantarki. In man da aka tsara bai kai wannan ba, sai a ƙara.

Mataki na biyu: kafin shiga, da kuma a kan teku

Kafin ka tsallaka iyakar minti 60, sake neman yanayin filayen madadi. In ɗaya ya lalace, yanzu ne lokacin canza hanya. Gwada HF, a buga maka ƙararrawar SELCAL, wadda ke kaɗawa idan jirginka ake kira daga ƙasa, ka tabbatar tana kaɗawa, don kada ka kwana da shashshaka a kunne. Saka mahaɗun lokaci da filayen a kwamfutar jirgi. Ajiye rediyo ɗaya a 121.5, mitar gaggawa, ɗaya a 123.45, inda matuƙa ke magana da juna. Ka san layukan daren, ko da hanyarka ba ta cikinsu, don wata matsala za ta iya sa ka ratsa su. An kuma so ka ɗan goce dama da tsakiyar layi, har zuwa mil 2, ba tare da neman izini ba. Hagu haramun ne.

Kyaftin nagari yakan juya ga mataimakinsa duk bayan an wuce wata mahaɗa ya ce: “Daga yanzu in wani abu ya faru, Keflavik za mu, dama za mu karkata.” Magana ce ta daƙiƙa goma, amma ranar da ƙararrawa ta tashi ba za a tsaya shawara ba.

Sai duba mai a kowace tasha ta hanya. A nan zan ɗan daɗe, don akwai darasin da bai kamata ɗalibi ya manta ba.

Daren 24 ga Agusta 2001, jirgin Air Transat mai lamba 236, Airbus A330, yana kan hanya daga Toronto zuwa Lizbon da mutum 306. Kwanaki kaɗan kafin nan an canza masa injin dama, aka haɗa da wani kayan da bai dace da shi ba, bututun mai ya riƙa gogar bututun haidurolik har ya tsage. Alamar farko ba ta yi kama da yoyo ba ko kaɗan: man giris na injin ya nuna sanyi da matsi mai yawa. Bayan kamar rabin awa kwamfuta ta ce tankin dama ya fi na hagu ƙarancin mai. Matuƙan suka yi matakin daidaita tankuna da ka, ba su buɗe takardarsa ba, alhali a cikinta akwai gargaɗin kada a yi shi in ana zargin yoyo. Suka buɗe bawul ɗin da ke haɗa ɓangarorin biyu. Man hagu mai lafiya ya bi ta tsagar ya zube a teku. Har lokacin suna zaton na'ura ce ke ƙarya.

Abin da suka yi daidai shi ne sun juya zuwa Lajes tun suna cikin shakka. Da ƙarfe 6:13 agogon GMT injin dama ya mutu, da 6:26 na hagu ya bi shi, saura mil 65. Kyaftin Robert Piché da mataimakinsa Dirk de Jager suka yi kusan minti 19 suna lilo ba inji, suka dira da gudu, tayoyi suka farfashe, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. An yi dace ma daren an ba su hanyar da ta fi wadda suka tsara kusa da Azores.

To ga yadda ake duba mai. Ka haɗa wanda ya rage a tanki da wanda injina suka ƙona, ka gwada da wanda ka taso da shi. In jimillar ta gaza, kuma giɓin yana ƙaruwa, ka ɗauka yoyo ne har sai ka tabbatar da akasin haka. Kada ka haɗa tankuna. Buɗe takardar, karanta ta layi-layi, ko da ka haddace ta kamar karatun allo.

Mataki na uku: lokacin da abin ya faru

Riƙe jirgi tukuna. Ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya bi takardar matsala. Sannan a nemi sabon izini kafin a bar layi ko hawa, muddin hali ya ba da dama. In rai na cikin haɗari a ce MAYDAY sau uku, in gaggawa ce da ba ta kai nan ba a ce PAN PAN sau uku, ko a tura irin saƙon ta CPDLC. Sau da yawa izini kan zo a kan lokaci, a bi shi, shi ke nan.

In bai zo ba, kuma ba za ka iya jira ba, ga tsarin da ya fara aiki a arewacin Atlantika ranar 28 ga Maris 2019, ya game duniya a Nuwamban 2020.

Ka karkata hagu ko dama da aƙalla digiri 30, ka fita mil 5 daga tsakiyar layi, ka miƙe a gefensa kana fuskantar inda kake tafiya tun farko. Ɓangaren da za ka bi ya danganta da matsayinka a cikin layukan, da inda jiragen maƙwabta suka nufa, da inda filin madadi yake, da gocewar da ka riga ka yi, da tsaunuka in akwai. Wanda yake layin ƙarshe na kudu, misali, karkata kudu za ta fitar da shi daga cunkoso gaba ɗaya. Tsofaffin littattafai suna cewa digiri 45 da mil 15. Wannan ya wuce, don da aka matse wasu layuka zuwa rabin digiri, mil 15 ya zama kusan tsakiyar tazarar. Duk wanda ya koya da tsohon lissafi ya goge shi daga kansa.

Kana karkatawa ka riƙe hawanka in jirgi zai iya. In ba zai iya ba, rage saurin saukowa gwargwadon iko har ka kai mil 5 ɗin. Kunna duk fitilun waje. Sa ido a taga da kuma na'urar TCAS mai gargaɗin karo, ka bar ta a cikakken aikinta sai in littafin jirgi ya ce akasin haka, kuma in ta ba da umarni ka bi nan take. Sa lamba 7700, alamar gaggawa, a na'urar da ke nuna jirgi ga masu kula in halin ya kai. Yi shela a 121.5, ko 123.45: sunan jirgi, hawa, wurin da kake da sunan layi, abin da ya same ka, da abin da za ka yi. Direban tirela da motarsa ta lalace a hanyar Kaduna yakan sauka gefe ya jera ganye a titi don na baya ya gani. Fitilu da shelar nan su ne ganyenka.

Da ka daidaita a mil 5, zaɓi biyu ne. Wanda aka fi so shi ne ka sauko ƙasa da ƙafa 29,000, ƙarƙashin cunkoson, ka zauna a hawan da ya goce ƙafa 500 daga waɗanda aka saba bi, misali 27,500. Sai a nan ne za ka juya baya ko ka ratsa layuka zuwa filin madadi. Kada ka yi kwanar komawa kana sama a cikin jerin, don jirgi mai wannan gudu kwanarsa tana cin mil da yawa, za ta kai shi layin wani. Zaɓi na biyu, in ba za ka sauko ba, ka goce ƙafa 500 daga hawan da aka saba, ko ƙafa 1,000 in kana sama da 41,000, ka ci gaba da neman izini. A duka biyun kada ka daina kiran masu kula. Da izini ya zo, shi za ka bi.

Kowace matsala da nata agogon

Mutuwar inji ɗaya ita ce wadda fasinja ya fi tsoro, amma tana ba da lokacin tunani. A ba wa injin da ya rage cikakken ƙarfin da zai iya ɗorewa da shi, a tada injin wutsiya, jirgi ya sauko sannu a hankali zuwa hawan da inji ɗaya zai riƙe, galibi ƙafa dubu ashirin da wani abu, gwargwadon nauyi. Mai inji biyu doka ta ɗora masa sauka a filin da ya dace mafi kusa ta fuskar lokaci.

Zubewar iskar cikin jirgi kuwa ba ta da sassauci. A ƙafa 35,000 mutum yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin hankalinsa ya fara gushewa, a 40,000 kuma 15 zuwa 20. Takunkumin oksijin ne farko, kafin magana, kafin komai. Sai saukowa da sauri zuwa ƙafa 10,000, tare da karkatar nan ta digiri 30 a lokaci guda. Oksijin na fasinja a yawancin jirage minti 12 zuwa 22 yake yi. A kan Greenland akwai ƙarin wahala: tudun ƙanƙarar tsakiyarta ya haura ƙafa 10,000, dutsen Gunnbjørn ya kai mita 3,694. Shi ya sa kamfanoni ke zana hanyoyin tsira na musamman a can, kuma dole a karanta su kafin a iso.

Wuta ce ta fi komai muni. Ranar 2 ga Satumba 1998 jirgin Swissair mai lamba 111 ya faɗa teku kusa da Halifax da mutum 229, kimanin minti 21 bayan matuƙa sun fara jin wari. Masu bincike na Kanada sun gano cewa ko da sun nufi fili nan take, wutar ba za ta bar su su sauka lafiya ba, don haka ba a ɗora musu laifi. Amma daga nan aka sake fasalin takardun hayaƙi. Yanzu hayaƙin da ba a san tushensa ba, ana fara karkata zuwa fili ne ana neman tushen a hanya. In an gano tanda ce ta ƙona burodi, a koma hanya, asarar mai kawai aka yi. Ɗakin kaya na ƙasa yana da iskar kashe wuta mai ƙayyadadden lokaci, kuma wannan lokaci yana cikin abin da ke iyakance nisan da jirgi zai yi daga fili.

Rashin lafiyar fasinja ya fi duk waɗannan yawan faruwa. Wani bincike da mujallar likitoci ta New England ta buga a 2013 ya samu larura ɗaya a kowace tafiya 604, suma ce ta fi yawa, kuma kusan kashi 7 cikin ɗari ne suka kai ga karkatar da jirgi. Ma'aikata kan nemi likita a cikin fasinjoji, a kira likitocin ƙasa ta tauraro, amma hukunci na kyaftin ne. Abin da ake nema a nan asibiti ne: fili mai nisan awa ɗaya da ba shi da abin da mara lafiya ke buƙata bai fi mai nisan awa biyu da ke da shi ba. Ina roƙon masu raka iyayenmu irin wannan doguwar tafiya, maganin suga da na hawan jini su kasance a jakar hannu, kada su tafi cikin akwatin ƙasa.

In kuma rediyo ne ya ɗauke, gwada wata mitar HF, gwada tauraro, roƙi wani jirgi a 123.45 ya isar maka da saƙo. In duk sun faskara, sa lamba 7600, alamar ɗaukewar rediyo, ka ci gaba bisa izinin ƙarshe da ka karɓa ka amsa, don a kansa mai kula ya tsara tazarar kowa.

Kauce wa hadari

Wannan ya shafi hanyoyin Afirka ƙwarai, saboda ɗamarar gajimare masu tsawa da ke kusa da ikwaita. A irin wannan yanki ne jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗi ranar 1 ga Yuni 2009 tsakanin Rio da Faris da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu.

Nemi izinin kaucewa da wuri, tun hadarin yana nesa a radar jirgi, ka faɗi mil nawa da wane ɓangare. In mai kula ya ce ba hali saboda wani jirgi, ko bai amsa ba, kyaftin yana da ikon kaucewa. Ka sanar, ka kunna fitilu, ka yi shela. In kaucewar ba ta kai mil 5 ba, zauna a hawanka. In za ta kai ko ta wuce, da ka iso mil 5 sai ka canza hawa da ƙafa 300. Mai tafiya gabas, wato digiri 0 zuwa 179 a kamfas, in ya yi hagu ya sauka, in ya yi dama ya hau. Mai tafiya yamma, 180 zuwa 359, hagu ya hau, dama ya sauka. A hanyoyin gabas da yamma abin ya dunƙule a jimla ɗaya: arewa a sauka, kudu a hau. Wajen dawowa, ka koma hawanka na asali idan ya rage kamar mil 5 ka hau layi. Lura da bambancin: ƙafa 300 ta hadari ce, ƙafa 500 ta matsalar jirgi ce. Ɗalibai kan cakuɗa su.

Zaɓen fili, da abin da ke bayan sauka

Filin da aka rubuta a takarda shawara ce ta ƙasa. Kyaftin zai auna lokaci, yanayin yanzu, tsawon titi da santsinsa, da abin da ya lalace a jirgi. In nauyi ya wuce na sauka, jirgin da ke da na'urar zubar da mai zai zubar a sama inda zai watse kafin ya kai ƙasa. In akwai wuta ko rai na fita, a sauka da nauyin, injiniyoyi su duba daga baya. A gaya wa shugaban ma'aikatan ciki irin matsalar, inda za a sauka, mintunan da suka rage, da ko a shirya fitar gaggawa. A yi wa fasinjoji magana da gaskiya cikin natsuwa, don sun riga sun ga jirgi ya juya a taswira.

Tsayawar tayoyi ba ta ƙare aikin ba. Ranar 30 ga Satumba 2017 injin wani A380 na Air France ya tarwatse a kan Greenland, jirgin ya sauka lafiya a Goose Bay da mutum sama da 500, amma suka yi awoyi a zaune a ciki, don filin ba shi da wurin karɓar jama'a haka, sai da aka turo jirage biyu suka kwashe su. A Fabrairun wannan shekarar wani Boeing 777 na Swiss ya sauka Iqaluit da inji ɗaya. Sai da katafaren jirgin Antonov ya kawo sabon inji, makanikai suka kafa tanti a kansa suka yi aikin cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili nesa. Ranar 11 ga Satumba 2001 kuwa, da Amurka ta rufe sararinta, jirage 38 suka sauka Gander da mutum sama da 6,000, a garin da mazaunansa ba su wuce 10,000 ba. Makarantu da coci-coci da gidajen mutane ne suka zama masauki na kwanaki.

Saboda haka mai tsara tafiya ya yi waɗannan tambayoyi tun yana ofis. Akwai matakalar da ta kai ƙofar wannan jirgi a filin? Akwai mai, da injin tada jirgi, da wurin ɗumi? Awoyin aikin matuƙa za su ƙare kafin a gyara? Wa zai kawo jirgin ɗauko mutane, daga ina? Ga jirgin da ya taso daga Legas ko Akara akwai ƙarin guda: Azores ƙasar Fotugal ce, tana cikin yankin Schengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma yawancin fasinjojinmu bizar Amurka ce kawai a fasfonsu. In aka sauka Lajes, mai yiwuwa ba za a bar su su wuce zauren filin ba. Abinci, ruwa, barguna, madarar jarirai, da wurin alwala da salla, dole a san wanda zai kawo su cikin zauren, kuma lambar wayarsa ta kasance cikin takardun tafiya.